Abubuwan da suka fi jawo hatsarin ƙananan jiragen sama masu inji ɗaya

Ƙananan jiragen sama masu inji ɗaya su ne waɗanda ke ɗaukar mutum biyu zuwa shida, wasu kaɗan su fi haka, kuma galibi mai jirgin ne ke tuƙa abinsa. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000 zuwa yanzu. A Amurka suka fi yawa, saboda haka mafi yawan abin da aka sani game da hatsarinsu daga rahotannin hukumar binciken haɗurra ta can, wato NTSB, ya fito.

Mutane da dama sun ɗauka cewa illar irin wannan jirgi ita ce injinsa ɗaya ne, idan ya mutu shi ke nan. Binciken shekaru ya nuna ba haka ba ne. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse, yana shawagi ne yana sauka a hankali. Cessna 172 da ke nisan kilomita ɗaya daga ƙasa zai iya cin tafiyar kusan kilomita tara kafin ya taɓa ƙasa, abin da ke ba matuƙi damar neman fili ko gona. Mafi yawan haɗurran suna komawa ne ga abin da matuƙi ya yi, ko shawarar da ya yanke tun kafin ya kunna inji.

Ƙwacewar jirgi a hannun matuƙi

Wannan shi ne kan gaba wajen kisa. Fiffiken jirgi yana ɗaukarsa ne muddin iska na bin bayansa sumul. Idan matuƙi ya ɗaga hancin jirgi fiye da kima, kusurwar da fiffike ke karɓar iska ta wuce wajen digiri 15, sai iskar ta rabu da shi, ƙarfin ɗaukar ya zube nan take, ko da inji na aiki lafiya lau. A can sama gyaran abu ne mai sauƙi da ake koya wa kowane ɗalibi: a sunkuyar da hanci, a ƙara wuta. Amma gyaran yana cin nisa, jirgi kan yi ƙasa sosai kafin ya farfaɗo. Shi ya sa abin ke zama ajali idan ya faru kusa da ƙasa.

Wuri biyu ya fi faruwa. Na farko shi ne kwanar ƙarshe kafin sauka, lokacin da jirgi ke tafiya a hankali. Matuƙi ya ga ya zarce saitin titin sauka, maimakon ya haƙura ya sake zagayowa, sai ya matse kwanar. Karkata jirgi sosai kuwa tana ɗaga gudun da yake bukata don ya tsaya a iska: a karkatar digiri 60, wannan gudu yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Na biyu shi ne mutuwar inji jim kaɗan bayan tashi. Zuciya tana raya wa matuƙi ya juya ya koma titin da ya baro, alhali ba shi da nisan da zai ishe shi. Malaman tuƙi suna nanata cewa a sauka a abin da ke gaba, ko da jirgin zai lalace.

Haɗurran sauka na yau da kullum, irin su dirar da ta yi ƙarfi ko iskar gefe da ta ture jirgi daga titi, sun fi kowanne yawa a lissafi, sai dai ba kasafai ake rasa rai a cikinsu ba.

Gajimare, hazo da duhu

Lasisin farko da mai jirgi ke samu yana ba shi izinin tafiya ne da ido, wato yana ganin ƙasa da layin da sama ta haɗu da ita. Tuƙi da na'urori kaɗai horo ne na dabam, da jarrabawarsa. Wanda bai yi shi ba, idan ya kutsa cikin gajimare, jikinsa ne ke fara yaudararsa. Sassan cikin kunne da ke sanar da mutum daidaitonsa ba sa jin karkatar da ta zo sannu a hankali. Jirgi na iya kwanciya gefe guda matuƙi yana jin a miƙe yake. Idan ya lura yana yin ƙasa ya ja sitiyari, sai kwanar ta ƙara matsewa, jirgin ya riƙa murɗawa yana gangarowa da gudu.

A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon na'urori, aka hana su ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, kuma matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 178 ne, bai cika minti uku ba.

Abin da ya sami John F. Kennedy ƙarami ke nan, ɗan tsohon shugaban Amurka, a daren 16 ga Yulin 1999. Ya tuƙa jirginsa Piper Saratoga a kan teku cikin hazo, ya nufi tsibirin Martha's Vineyard tare da matarsa da yayarta. Ba a sami wata matsala a inji ba. NTSB ta ce ya rasa sanin sama da ƙasa ne, kuma bai kammala horon na'urori ba.

A wannan yanki namu, ƙurar hunturu tana yin aikin da gajimare ke yi a can, har manyan jirage kan fasa sauka a Kano ko Maiduguri saboda ita. Najeriya ma ta ga nata misalin na tafiyar ido da ta kai duhu. Ranar 25 ga Oktoban 2012, Gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a Kwalejin Zariya, ya faɗi da jirgi Cessna 208 mai inji ɗaya a kusa da Yola, yana tahowa daga Jalingo. Rahoton hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ya ambaci cewa ba shi da shaidar cancantar tuƙa irin wannan jirgi, kuma ya yi tafiyar ido bayan faɗuwar rana. Ya rayu, amma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har rasuwarsa a 2017.

Akwai abin da ke tura mutum cikin irin wannan hali, shi ne matsuwar isa. Taro na jira, ko ɗaurin aure, ko fasinjan da ake jin nauyinsa. Matuƙin kamfani yana da ofis da dokokin da za su hana shi tashi. Mai jirgin kansa, shi ne direba, shi ne mai gida, ba wanda zai ce masa a kwana.

Mai

Abin mamaki ne a ce jirgi ya faɗi don mai ya ƙare, amma yana faruwa kowace shekara. Dokar Amurka ta ce mai tafiyar ido ya tanadi rarar man minti 30 da rana, minti 45 da dare. Iskar da ke tunkarar jirgi tana cinye wannan rara ba tare da an ankara ba, kuma ma'aunin mai na ƙananan jirage ba abin dogaro ba ne, shi ya sa ake buɗe tanki a duba da ido. Wani lokacin man yana nan, amma a ɗaya tankin. Mawaƙin Amurka John Denver ya mutu a 1997 a gaɓar Kalifoniya, a jirgin da aka maƙala makunnin sauya tanki a bayan kafaɗarsa ta hagu; masu bincike sun ce yana ƙoƙarin juyawa ya kai gare shi ne jirgin ya ƙwace. Sai kuma ruwa, wanda ya fi mai nauyi, yake kwanciya a gindin tanki. Ana tsiyayar kaɗan a kofi kafin kowane tashi don a gano shi.

Nauyi da zafi

Iska mai zafi ba ta da kauri, haka ma ta wuri mai tudu. Inji, farfela da fiffike duk ƙarfinsu na raguwa a cikinta. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi a Legas da safe zai bukaci titi mafi tsawo a Jos, mai tudun fiye da mita 1,200, da tsakar rana. Kujeru huɗu kuma ba sa nufin manya huɗu da kayansu da cikakken tanki. Idan kayan suka taru a baya, hanci ya riƙa ɗagawa, an koma matsalar farko.

Lalacewar jirgin kansa

Tana da nata kaso, amma ƙarami ne idan aka kwatanta. Tsofaffin injuna masu kafireta suna iya tara ƙanƙara a maƙogwaronta ko a rana mai ɗumi, matuƙar akwai laima a iska, har inji ya shaƙe idan ba a buɗe masa iska mai zafi ba. Salansa ma wurin lura ce, domin daga jikinta ake ɗebo ɗumin da ke shiga ɗakin matuƙi. Idan ta tsage, sai iskar gubar nan marar wari ta shigo, irin wadda ke kashe masu kwana da janareto a cikin ɗaki.

Hatsarin ɗan ƙwallon Ajantina, Emiliano Sala, ya haɗa da yawa daga cikin waɗannan. Ranar 21 ga Janairun 2019 ya tashi daga Nantes ta Faransa zuwa Cardiff, inda aka saye shi, a jirgi Piper Malibu, ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila cikin dare. An sami gubar da yawa a jininsa, kuma masu binciken Birtaniya sun ce da alama ta taɓa matuƙin ma, wanda jirgi ya ƙwace masa yana kwana don kauce wa mummunan yanayi. Matuƙin ba shi da izinin tafiyar dare, ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi, kuma ba a ga gawarsa ba. A Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar wata 18.