Daga Lambun Mendel Zuwa Mudun Wake a Keffi

Mai awon wake a kasuwar Keffi da ido take rarrabe fari da ja, manyan ƙwaya da ƙanana. Da ido shi ma Gregor Mendel ya fara, a lambun wani gidan ibada da ke Brno, inda ya yi shekara takwas yana barbarar koren fis, ɗan'uwan wakenmu, yana ƙirga mai sulɓi da mai yamushi. Abin da ya wallafa a 1866 ya nuna cewa hali ba ya narkewa a zuriya. Ɓuya yake yi, ya ɓullo a jika.

Saura sanin mazaunin kowane hali. A 1905 William Bateson da Reginald Punnett suka lura cewa wasu halaye a dangin fis tare suke tafiya kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. A 1913 Alfred Sturtevant ya zana taswirar gado ta farko da wani ƙuda, bisa hujjar cewa maƙwabtan kusa ba su cika rabuwa ba.

Matafiyin da ya san hanya, in ya hango wata kuka, ya san rijiya na kusa. Kukar ba ruwa ba ce, amma ba ta ɓatar da shi. Aikin alamar gado ke nan. Daga 1980, bayan shawarar David Botstein da abokansa, aka koma neman irin waɗannan kukoki a cikin DNA kanta. A 1990 masanan cibiyar John Innes ta Ingila suka gano abin da ke yamutsa fis ɗin Mendel: tangarɗa ce a ƙwayar gadon da ke sarrafa sitaci. A 1992 Christian Fatokun, ɗan Najeriya, da abokan aikinsa a Minnesota suka nuna sassan da ke riƙe da nauyin ƙwayar wake.

Inda abin ya taɓa manominmu shi ne wuta-wuta. Tana maƙale wa saiwar wake a ƙarƙashin ƙasa, kafin ta leƙo ta riga ta tsotse shi. B.B. Singh na tashar IITA ta Kano ya yi barbara da B301, wani irin manoman Botswana da ba ta iya kamawa. Da, kafin a san tsiron da ya gaji wannan juriya, sai an shuka a gonar da wuta-wuta ta yi katutu, a jira makonni, a tumɓuke, a wanke saiwa a duba. Bayan alamomin da Jeremy Ouédraogo na Burkina Faso da Michael Timko na Amurka suka samo a 2001, ɗan gutsuren ganyen tsiro ya isa shaida. Ta wannan hanya Lucky Omoigui ya samar da irin FUAMPEA a Makurdi, aka fitar a 2016. A 2019 aka kammala karanta gadon fis da na wake, kuma waken da aka karanta shi ne wanda muka sani da SAMPEA 10.

Sai dai alama nuni kawai take yi ga abin da yake nan. Juriyar B301 a rumbun talaka aka same ta. Don haka ɗan irin da tsohuwa ke adanawa cikin toka a ƙauyukan Keffi, kada a bari ya ƙare a tukunya kafin a karanta shi.