Digiri na Biyu da na Uku a Nazarin Faransanci a Arewacin Nijeriya: Buƙatar Sake Duban Manhaja

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda aka gina karatun digiri na biyu da na uku a fannin Faransanci a jami'o'in Nijeriya, musamman na Arewa. Ta dogara da takardun manufofin ilimi da kuma littattafan da aka wallafa da Faransanci game da ƙasar Hausa. Matsayarta ita ce manhajar da aka gada ta takura ɗalibi ga adabi da dabarun koyarwa, ta bar wani fage mai faɗi da ya fi kusa da shi, wato tarihi da rayuwar Hausawan Nijar kamar yadda aka rubuta su da Faransanci.

Yadda fannin ya kafu

Sassan Faransanci na farko a jami'o'in Nijeriya sun tsaya ne a kan adabin ƙasar Faransa da nahawun harshen. Daga baya adabin Afirka da na tsibiran Karibiyan ya samu gurbi, kuma a nan dole a ambaci Abiola Irele, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sorbonne ta birnin Faris a 1966, ya kuma riƙe kujerar farfesan Faransanci a Ibadan. Shi da tsararrakinsa suka mai da marubuta irin su Senghor da Césaire abin nazari na yau da kullum. Hanyar da suka share ce ake bi har yanzu: mai neman digiri na biyu ya zaɓi adabi, ko kimiyyar harshe, ko fassara, ko koyarwa, ya yi darussa, ya rubuta kundi.

Abubuwa biyu suka taɓa fannin daga baya. Na farko kuɗi ne. A da ɗalibin shekara ta uku yakan tafi ƙasar da ake magana da Faransanci ya yi shekara guda, harshen ya zauna masa a baki. Faɗuwar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa wannan tafiya ta gagari yawancin iyaye, sai gwamnati ta kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry a 1991 domin ya maye gurbinta. Na biyu siyasa ce: a 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, Manufar Ilimi ta Ƙasa kuma ta ɗauki wannan matsayi a bugunta na 1998 da na 2004. Sai buƙatar malamai ta ƙaru, kundaye da yawa suka karkata ga matsalolin koyar da harshen a aji. Aiki ne mai amfani, amma ya ƙuntata tunanin abin da digiri na uku a Faransanci zai iya zama.

Fagen da aka bari

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma ta ratsa tsakiyar ƙasar Hausa. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri 'yan'uwan na ɓangaren Nijeriya ne, tarihinsu ɗaya. Sai dai kaso mai tsoka na abin da aka rubuta a kansu da Faransanci yake. Ayarin Tilho, wanda ya yi aikin shata iyaka daga 1906 zuwa 1909, ya tattara bayanan sarautu da asalin garuruwa tun daga yankin Kogin Kwara har Tafkin Chadi. André Salifou ya wallafa tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971. Djibo Hamani ya fitar da nasa a kan Adar kafin zuwan Turawa a 1975, shekarar da Guy Nicolas ya wallafa babban nazarinsa a kan al'ummar Hausa ta yankin Maraɗi. Emmanuel Grégoire ya biyo da Les Alhazai de Maradi a 1986, inda ya bi diddigin attajiran garin da cinikinsu da Nijeriya. Bayan waɗannan akwai rahotannin jami'an mulkin mallaka da ke jibge a taskokin Yamai da Dakar da Aix-en-Provence.

Wa zai karanta waɗannan? Ɗalibin tarihi a Zariya ko Sakkwato yana da tambayoyin, amma galibi ba ya jin harshen. Ɗalibin Faransanci yana jin harshen, amma ba a koya masa yadda ake tunkarar takardar tarihi ko yadda ake fita bincike cikin jama'a ba. Kowannensu yana riƙe da rabin makulli. Abin damuwa ne ainun a ga ɗan Katsina ya shafe shekaru uku yana nazarin wani marubucin Faris da masana da dama suka riga suka tatse, alhali a ƙofar gidansa akwai aikin da ba mai iya yi kamarsa, domin shi kaɗai ya haɗa Hausa da Faransanci da Ingilishi.

Ko a cikin adabin ma haka abin yake. Littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, ya ba da labarin turjiyar Sarauniyar Lugu ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Mai nazarin da ba ya jin Hausa zai karanta littafin a matsayin labarin adawa da mulkin mallaka, ya tsaya nan. Bahaushe zai iya zuwa ƙasar Arewa ta wajen Dogonduci a Nijar ya saurari abin da dattawa ke faɗa game da sarautar Sarauniya, ya auna shi da abin da marubucin ya ƙaga da kuma abin da jami'an Faransa suka rubuta. Kundi irin wannan shi ake kira sabon ilimi.

Sauyin da ke faruwa a Sahel

Wani zai ce ai Faransanci yana ja da baya a yankin. Gaskiya ne Mali ta sauke shi zuwa harshen aiki a tsarin mulkinta na 2023, Nijar kuma a watan Maris na 2025 ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma wannan mataki bai goge dokoki da littattafan makaranta da hukuncin kotuna na fiye da shekara sittin ba. Idan har Hausa za ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata, sai an samu ƙwararrun da za su juyo waɗannan takardu daga Faransanci kai tsaye, su kuma daidaita kalmomin shari'a da na mulki tsakanin Hausar Nijar da ta Nijeriya, waɗanda kowacce ta yi aro daga harshen Turawan da suka mulke ta. Wannan aikin masu digiri na biyu da na uku ne.

Abin da manhaja ke buƙata

Gyaran farko a ƙofar shiga yake. Takardar digiri kaɗai ba ta nuna ƙarfin harshe. Ya kamata a nemi shaidar ƙwarewar harshe ta matakin C1, kamar wadda jarrabawar DALF ke bayarwa, ko sashen ya shirya gwajin da ya yi daidai da ita. Na biyu, a buɗe reshen nazarin ƙasar Hausa da Sahel, a sa darasin karanta takardun taska da na fassara tsakanin Faransanci da Hausa, a kuma yarda malami daga sashen tarihi ko na harsunan Nijeriya ya shiga cikin masu duba kundi.

Na uku shi ne haɗin gwiwa da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da cibiyarta ta binciken kimiyyar zamantakewa, IRSH, mai wallafa jerin Études nigériennes. Jami'o'in Nijar suna bin tsarin LMD, wato shekara uku ga digirin farko, biyu ga na biyu, uku ga na uku, don haka ba wuya a daidaita zangon karatu guda da ɗalibin Kano ko Sakkwato zai yi can, a lissafa masa shi a gida. Kuɗin mota ne zai kai shi, ba na jirgi ba, kuma yarjejeniya tsakanin majalisun jami'o'in biyu ta isa a fara.