Ƙuduji, auduga da kwamfuta: tarihin farautar sinadari guda

1/ Duk wanda ya tashi a Tafoki ko wani gari na Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Furensa gwanin kyau, amma ya shiga gonar masara ko dawa sai dai haƙuri. Kusan shekara 60 ke nan masana sinadarai na farautarsa, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta shigo fagen. Ku biyo ni. 🧵

2/ Mu fara da dabararsa. Tushe ɗaya na zubar da dubban ƙwayoyin iri, ƙanana kamar ƙura. Irin na iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 bai tsiro ba. Jira yake ya ji wani sinadari da saiwar masara, dawa ko gero ke fitarwa. Da ya ji sai ya tsiro, ya maƙale wa saiwar, ya dinga zuƙe ruwa da abinci.

3/ Ciyawar ta ɓulla a gonakin masara na Karolaina a Amurka a shekarun 1950, hankalinsu ya tashi. A 1966 wani masani mai suna Cook da abokan aikinsa suka ware sinadarin da ke tashin irin daga barci, suka sa masa suna strigol. Kun san daga ina suka samo shi? Daga saiwar auduga.

4/ Eh, audugar nan da ta yi wa Funtuwa suna. Saiwarta na kiran ƙuduji ya tsiro, amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu da yunwa cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa juya gona da auduga ko waken soya ke rage shi. Manoma sun ga haka a aikace, masana suka gano dalilin.

5/ Daga nan tunani ya zo: a haɗa sinadarin a ɗakin gwaji mana, a zuba a gona kafin shuka, irin ya tsiro babu abin kamawa ya mutu. A shekarun 1970 aka haɗa wani mai suna GR24 a Ingila. Matsalar ita ce irin waɗannan sinadarai na da tsada, kuma suna saurin lalacewa a cikin ƙasa.

6/ A lokacin aikin na hannu ne. Ka haɗa ɗaya, ka gwada, bai yi ba, ka sake. A 2015 masu bincike a Toronto da Nagoya suka fayyace furotin ɗin da irin ƙuduji ke jin ƙamshin da shi. Ku ɗauke shi kamar kwaɗo, sinadarin kuma makullinsa.

7/ A 2018 ƙungiyar Jami'ar Nagoya ta Japan ta gwada sinadarai 12,000, daga ciki ta gyara ɗaya ya zama SPL7, wanda ɗan mitsitsi ƙwarai ya isa ya tayar da irin. Ku riƙe wannan adadin, 12,000, za mu dawo kansa.

8/ Ita kuma kwamfuta tata hanyar daban ta biyo. A 1965 a Jami'ar Stanford aka fara manhajar DENDRAL, mai duba sakamakon awo ta faɗi yadda ƙirar sinadari take. Ana lissafa ta cikin manhajojin farko da suka kwaikwayi tunanin gwani. Wato tun AI na rarrafe, kemistiri na cikin abin da aka fara koya mata.

9/ A 2020 masana a MIT suka horar da manhaja da bayanan sinadarai kusan 2,500, ta zaƙulo halicin mai kashe ƙwayoyin cuta masu taurin kai. Sannan ta tace sama da miliyan 100 cikin kwana uku. Ku kwatanta da 12,000 ɗin can.

10/ A shekarar dai AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta nuna tana iya hasashen siffar furotin. Zuwa 2022 an saki siffofi sama da miliyan 200 kyauta a intanet. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta kemistiri da David Baker.

11/ To me ya shafi manomin Tafoki? In ka san siffar kwaɗo, kwamfuta na iya gwada miliyoyin makullai, ta miƙo maka 'yan kaɗan da suka fi alamar buɗewa. Aikin shekaru ya ragu, kuɗin ma haka.

12/ Amma fa kar a ruɗe ku. Manhaja hasashe take yi daga abin da aka koya mata. Ko sinadarin zai jure zafin Afrilu da ruwan Agusta a ƙasar Faskari, gona ce kawai za ta faɗa. Kuma wanda bai taɓa asarar buhu saboda ƙuduji ba, da wuya ya sa shi a gaban lissafinsa.

13/ Ba daga sifili za mu fara ba. Cibiyar IAR ta Samaru, da haɗin gwiwar IITA, ta fitar da nau'o'in masarar SAMMAZ masu jure ƙuduji. Akwai NARICT a Basawa, Zariya, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa. A Kef Tawun kuwa, cibiyar H3D ta Farfesa Kelly Chibale na amfani da AI wajen neman maganin maleriya da tarin fuka.

14/ Saboda haka ɗalibin kemistiri a ABU, Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ka haɗa karatunka da koyon Python da lissafi. Rumbunan PubChem da ChEMBL a buɗe suke, data kawai za ka saya. Kayan aikin duniya ta raba su kyauta. Tambayar ƙuduji kuwa, in ba ɗan manomi ya yi wa na'urar ba, wa zai yi?

15/ A garinku ƙuduji kuke cewa ko wuta-wuta, kuma da me ake yaƙarsa? Ku faɗa a ƙasa, ku tura wa wani ɗalibin kimiyya da kuka sani.