SEO: yadda Google ke jera shafuka da gardamar da ake yi a kai

SEO, wanda masu jin Faransanci ke kira « référencement naturel », shi ne aikin gyara shafin intanet domin ya fito a sahun gaba idan mutum ya yi bincike, ba tare da an biya kuɗin talla ba. Kasancewar Google na riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a duniya, yawancin wannan aiki a kansa yake. Shafin da ya faɗa baya kan rasa masu karatu da kuɗin shiga.

Asali

Larry Page da Sergey Brin sun kafa Google a 1998 bisa tsarin PageRank, wanda ke ɗaukar kowane mahaɗi daga wani shafi tamkar ƙuri'a. Nan da nan wasu suka fara sayen mahaɗai da cusa kalma ɗaya sau da yawa cikin rubutu. Kamfanin ya mayar da martani da Panda a 2011, don rage darajar shafuka marasa inganci, da Penguin a 2012, don yaƙar mahaɗan bogi.

Abin da aka tabbatar

Google ya taɓa cewa yana duba alamomi sama da 200, amma bai taɓa fitar da cikakken jerinsu ko nauyin kowace ɗaya ba. Ya dai amince da wasu: dacewar rubutu da tambayar mai bincike, mahaɗai, tsaron HTTPS tun 2014, da sauƙin karantawa a wayar salula tun 2015. Shafuka masu harsuna biyu, kamar Hausa da Faransanci, kan sa alamar hreflang domin a nuna wa kowa harshensa.

Inda gardamar take

Babbar tambaya ita ce ko latse-latsen masu bincike na ɗaga shafi. Shekaru da dama jami'an kamfanin suna rage wa wannan batu nauyi. Sai dai a 2023, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar kan babakeren kasuwa, Pandu Nayak, babban jami'i a sashen bincike na Google, ya yi bayanin tsarin Navboost, wanda ke amfani da bayanan latsawa na wata 13. A watan Mayun 2024 kuma, takardun cikin gida masu shafi sama da 2,500 suka fita fili, Rand Fishkin da Mike King suka yi nazarinsu. Google ya amince cewa nasa ne, amma ya ja kunne cewa wasu bayanan sun tsufa ko ba su cika ba.

Takardun sun lissafa abubuwa fiye da 14,000 da ake tattarawa, ba tare da faɗin nauyinsu ba. Don haka Google ke gargaɗin masu shafuka cewa babu wanda zai iya ba su tabbacin matsayi na ɗaya.