Me Ya Sa Yaro Ke Barin Ubangidansa Kafin Yaye? Waiwaye Kan Koyon Sana'a a Kano

A ƙasar Hausa ta da, sana'a gado ce. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, yaro kan tashi yana jiƙa baba tun kafin ya san darajar kuɗi. Haka abin yake a gidajen maƙera da dukawa da masaƙa. Ubangida ke ciyar da yaro, ya tufatar da shi, sau da yawa ma ya yi masa aure. Wanda ya gudu, gidansu ya bari.

Wannan igiya ta fara sassautawa a zamanin Turawa. A 1909 Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano har da sashen sana'o'in hannu, amma aikin ofis mai albashi ya fi jan hankalin jama'a. Daga baya sababbin sana'o'i irin su kanikanci da walda suka shigo. A nan yaro baƙo ne, ba ɗan gida ba, kuma babu wanda ya ɗauki nauyin cikinsa.

Gwamnati ta yi yunƙuri. An kafa asusun ITF a 1971, sannan hukumar NDE a 1986, wadda ta riƙa tura matasa wurin masu sana'a. Sai dai a shekarun nan ne tsarin SAP ya tsananta rayuwa, acaɓa kuma ta bazu. Matashin da ya shekara yana wanke sifana da zuwa aike, ba tare da an koya masa kwance inji ba, sai ya ga tsaransa yana komawa gida da kuɗi kowace yamma. Zaɓin ba shi da wuya.

Saboda haka nake ganin kuskure ne a ɗora laifin duka kan rashin haƙurin 'yan zamani. Tsohon tsari ya riƙe yara ne domin ya ba su abinci da matsayi da tabbacin makoma. Abubuwan nan uku ya kamata mu maido: yarjejeniya a rubuce tsakanin iyaye da ubangida a gaban mai unguwa, wadda za ta fayyace wa'adi da abin da za a koya kowace shekara, kuɗin abinci da na mota kullum, sai jarabawar NABTEB da kayan aiki ranar yaye. Yaron da ya san ranar yayensa, kuma cikinsa a cike, da wuya ya tsere.