Likitan Da Ya Miƙa Wa Gizo-Gizo Yatsa

A tatsuniya, Gizo da wayo ya yi suna, ba da dafi ba. A Amurka kuwa an daɗe ana gardama ko baƙin gizo-gizon nan mai jan tabo a ciki zai iya kwantar da babban mutum. A Nuwamban 1933 Dakta Allan Blair na Jami'ar Alabama ya bari ya cije shi a yatsa na daƙiƙa goma. Zafi ya hau hannu, ya mamaye ƙirji da ciki, sai asibiti. Gardama ta ƙare. A 1936 makarin dafin ya fito, daga jinin doki. Cizo da yawa a masai aka riƙa samunsa. Da aka daina masai na rami, ya ragu.