Alfadarin Duwatsu: Da Me Ake Gane Asplenium ebenoides?

A farkon shekarun 1860 R. R. Scott ya tsinci wannan tsiro, Asplenium ebenoides, a bakin kogin Schuylkill kusa da Filadelfiya a Amurka, daga dangin tsirran da ba sa fure, sai dai su zubar da ƙurar iri daga bayan ganye. Ganyensa ya rikita masana: gindin a tsattsage kamar na Asplenium platyneuron, kan kuma doguwar wutsiya kamar na Asplenium rhizophyllum. An daɗe ana zargin ruwa biyu ne, har 1902 da Margaret Slosson ta haɗa iyayen biyu da hannunta, ɗan ya fito da wannan kama. Duk da haka siffar ganye shaida ce mai rauni, kuma mai dogaro da ita kaɗai zai sha kure.

Ɗan ruwa biyu ba ya tsayawa kan kama ɗaya. A tushe guda wani ganye ya ɗauko uwa, wani uba. Ga kuma Asplenium pinnatifidum, shi ma jinin rhizophyllum ne, har sukan yi kamar an tsaga kara. Masu yawon daji za su ce ido ya isa: duhun karan ebenoides yana haurawa cikin ganye, na pinnatifidum bai wuce gindi ba, kuma na farkon ya fi son dutsen farar ƙasa, na biyun dutsen yashi. Gaskiya ne, amma waɗannan alamu suna rage zato ne kawai. Mai yanke hukunci ita ce ƙurar irin a ƙarƙashin madubi. Kuromosom 72 na ebenoides ba sa samun abokan haɗi, saboda haka ƙurar takan fito a shanye, ba ta tsira, tamkar alfadari da ba ya haihuwa.

Sai a ce, to na Havana Glen a jihar Alabama fa, waɗanda Julia Tutwiler ta gano a 1873, ai suna hayayyafa? Wannan ƙarfafa hujjar ya yi. Kuromosom ɗinsu sun ninka zuwa 144, kowanne ya samu abokinsa, haihuwa ta dawo. A ido da wuya a raba su da bakararen. Ƙura da ƙidaya ne suka raba, har a 2007 aka ba su suna nasu, Asplenium tutwilerae.